Mafitsara Mai Gaggawa da Magungunanta

Dattijon da ya hau mota daga Tambuwal zuwa Sakkwato, ya roƙi direba ya tsaya sau uku kafin a isa, ba lallai ne ya sha ruwa da yawa ba. Mai yiwuwa mafitsararsa ce ke gaggawa. Likitoci kan yi zaton wannan larura idan fitsari na matsa wa mutum farat ɗaya, yana zagayawa fiye da sau 8 a wuni da dare, wani lokaci ma ya kuɓuce masa kafin ya kai makewayi. Da yawa kan ɓoye don kunya, har su daina zuwa jam'i saboda alwala ba ta daɗewa.

Mafitsara jaka ce ta tsoka, ta baligi kan ɗauki kimanin mililita 400 zuwa 500. Idan lokacin fitsari ya yi, jijiyoyi kan saki sinadarin asetilkolin, tsokar ta matse. A wannan larura tsokar kan matse tun jakar ba ta cika ba.

Rukunin magani na farko yana toshe wa asetilkolin hanya. Tsohon cikinsu shi ne oksibutinin, wanda aka amince da shi a Amurka a 1975. Tolterodin ya biyo baya a 1998, solifenasin a 2004. Matsalar ita ce, asetilkolin ba a mafitsara kaɗai yake aiki ba. Shi ke motsa yawu da hanji da gumi. Saboda haka mai shan maganin kan yi fama da bushewar baki da taurin bayan gida, tsofaffi kuma su riƙa rikicewa ko mantuwa. Batun gumi ya fi damun mutanen wannan yanki. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, gumi kuwa shi ne hanyar da jiki ke sanyaya kansa. Manomin Kebbe da ya sha oksibutinin ya yini a rana yana iya sumewa don zafi, ba tare da ya san dalili ba.

Rukuni na biyu, irin su mirabegiron na 2012, yana sassauta tsokar ne don ta ɗauki fitsari mai yawa. Bai cika busar da baki ba, amma yakan ɗaga jini, ga tsada.

Sai dai ba kowane yawan fitsari ne wannan larura ba. Ciwon sukari na kawo shi, haka ƙwayoyin cuta a mafitsara, haka tsargiya da ake ɗauka a ruwan fadama, wadda maganinta daban ne. Yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda kuwa aikin tiyata yake bukata, irin wanda ake yi a Asibitin Maryam Abacha da ke Sakkwato. Mafi haɗari shi ne namijin da ƙululun furostet ya toshe wa hanya: idan ya sayi oksibutinin a kemis, fitsarin na iya tsayawa gaba ɗaya. Don haka gwajin fitsari da na sukari a babban asibiti ke zuwa da farko, mai wuyar sha'ani kuma a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Ko an tabbatar da larurar, likita kan fara da rage goro da shayi, da horar da mafitsara ta riƙa jinkirtawa kaɗan kaɗan. In an kai ga ƙwaya, akan jira mako 4 zuwa 8 kafin a yanke hukunci ko ta yi aiki.