Yadda Ake Koya Wa Yara Binciken Ƙasashen Duniya A Amurka

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Gaskiya ne, amma sai in ya tambayi wanda ya san hanya. In ya tambayi baƙo irinsa, to, su biyun za su kwana a daji. Wannan shi ne darasin da makarantu da yawa a ƙasar Amurka suke koya wa yara, ta hanyar sa su binciko labarin ƙasashen duniya.

Yaran da ake magana a kansu su ne 'yan makarantar tsakiya. Ita ce tsakanin firamare da babbar sakandare. Galibi daga aji 6 ne zuwa aji 8, yara 'yan shekara 11 zuwa 14. Tana kusa da abin da ake kira ƙaramar sakandare a Nijeriya. A wannan mataki malami yakan ba kowane yaro ƙasa guda. Sai ya ce masa ya je ɗakin karatu, wato laburare, ya nemo labarinta, ya zo ya gaya wa 'yan ajinsu.

Mene Ne Rumbun Bayanai?

A da littattafai da taswira kaɗai ake samu a laburare. Yanzu an ƙara da kwamfuta. A cikinta yaro yakan shiga wani wuri da ake kira rumbun bayanai.

Kowane manomi ya san rumbu. Ba a zuba hatsi a ciki sai ya bushe, an kuma ware mai kyau daga ruɓaɓɓe. Ba kowa ne kuma yake buɗe shi ba. Haka rumbun bayanai yake. Masana ne suke rubuta abin da ke ciki. Wasu masanan su sake dubawa, su gyara kuskure. Makaranta ko gwamnatin jiha ita take biyan kuɗinsa, sai a ba yara kalmar sirri da za su shiga da ita. Alal misali, Jihar Jojiya ta buɗe irin wannan laburare na kwamfuta mai suna GALILEO tun shekarar 1995.

Ɗaya daga cikin rumbunan da aka fi sani wajen labarin ƙasashe shi ne CultureGrams. An fara shi a shekarar 1974 a Jami'ar Brigham Young da ke Jihar Utah. Da farko a takarda ake buga shi, 'yan shafuka kaɗan ga kowace ƙasa. Daga baya ya koma hannun wani kamfani mai suna ProQuest. Yana ɗauke da bayanin ƙasashe da yankuna fiye da 200. A ciki akwai tarihi da yanayin ƙasa da harsuna da addini. Akwai kuma yadda mutane suke gaisuwa, da abincinsu, da tufafinsu, da bukukuwansu.

Me Ya Sa Ba A Bar Yaro Ya Duba Ko'ina Ba?

Intanet kamar kasuwa take ranar cinta. Akwai mai kayan kirki, akwai mai algus. Kowa yana iya rubuta abin da ya ga dama, ba mai hana shi. Yaro ɗan shekara 12 bai iya bambance su ba tukuna. Abin da ya fara gani shi yake ɗauka. Shi ya sa ake fara kai shi rumbu, inda aka riga aka tace kaya. In idonsa ya saba da mai kyau, ran da ya shiga kasuwa ba za a cuce shi da sauƙi ba.

Matakan Da Ake Bi

Mataki na farko shi ne tambaya. Kafin yaro ya taɓa kwamfuta, sai ya rubuta abin da ya riga ya sani game da ƙasar. Sa'an nan ya rubuta abin da yake so ya sani. Me suke nomawa? Wane harshe suke yi? Yaushe suka sami 'yancin kai? Wanda ya shiga rumbu ba tare da tambaya ba, zai fito da tarkace.

Mataki na biyu shi ne iya nema. Ma'aikacin laburare yakan nuna wa yara yadda ake rubuta sunan ƙasa daidai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A rubutun Turanci, haruffa biyu ne kacal suka raba sunan Nijar da na Nijeriya. Yaron da ya yi garaje yana iya cewa Yamai tana Nijeriya. A Afirka akwai Kwango biyu, akwai kuma Gini har uku.

Mataki na uku shi ne rubutawa da kalmominsa. Ba a yarda yaro ya kwafe abin da ya gani harafi da harafi ba. Sai ya karanta, ya kawar da kai, ya rubuta abin da ya gane a taƙaice. Ɗaukar rubutun wani a ce nasa ne, a makarantun can laifi ne babba, kamar sata ake ɗaukarsa.

Mataki na huɗu shi ne duba shekara. Duniya ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Littafin da aka buga a 1985 zai ce Legas ce babban birnin Nijeriya, kuma jihohinta 19 ne. A lokacin bai yi ƙarya ba. Amma a watan Disamba na 1991 gwamnati ta koma Abuja. Jihohi kuma suka zama 21 a 1987, suka zama 30 a 1991, suka kai 36 a 1996. Ƙasar Burkina Faso sai a 1984 ta sami wannan suna. Zayar ta koma Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a 1997. Sudan ta Kudu kuwa sai a 2011 ta zama ƙasa. Saboda haka ake koya wa yaro ya duba ranar da aka yi rubutun, ko ranar da aka sabunta shi.

Mataki na biyar shi ne neman shaida na biyu. Yaro ya duba wani rumbun, ko littafi, ko taswira. In maganarsu ta zo ɗaya, madalla. In ta saɓa, sai ya nemi dalili. Yawan mutane shi ne inda aka fi samun saɓani. Ƙidayar 1991 ta ce 'yan Nijeriya sun kusa miliyan 89. Ta 2006 ta ce miliyan 140. Lambar da ba a faɗi shekararta ba, ba ta da amfani.

Mataki na shida shi ne faɗin tushe. A ƙarshen aikinsa yaro zai rubuta inda ya samo kowane bayani. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya zauna gaban malamai. Malaman hadisi ba su karɓar magana sai sun san wanda ya ruwaito ta, da wanda shi ma ya ji daga gare shi.

Mataki na ƙarshe shi ne bayani a gaban aji. Yaro ya miƙe da taswira da tutar ƙasar, ya faɗi abin da ya gano. 'Yan'uwansa su yi masa tambayoyi. A nan ake gane wanda ya fahimta da wanda ya haddace kawai.

Amfanin Kwatanta Ƙasa Da Ƙasa

Sau da yawa malami yakan haɗa yara biyu su gwada ƙasashensu. A ce ɗaya an ba shi Nijar, ɗaya Nijeriya. Za su ga duka biyun a 1960 suka sami 'yancin kai: Nijar ranar 3 ga Agusta daga Faransa, Nijeriya ranar 1 ga Oktoba daga Ingila. Za su ga Nijar ta fi faɗin ƙasa, amma Nijeriya ta fi ta yawan jama'a nesa ba kusa ba. Sai malami ya tambaya: me ya jawo haka? Yara su koma kan taswira, su ga hamada ta cinye mafi yawan arewacin Nijar. Daga nan sun wuce haddar lambobi, sun fara tunani.

Rumbu Ma Yana Da Iyaka

Malamai nagari sukan gargaɗi yara cewa rumbun bayanai bai ƙunshi kome da kome ba. Ƙasa mai ƙabilu fiye da 250 kamar Nijeriya ba za ta shiga shafi huɗu ko biyar ba. In an rubuta cewa mutanen ƙasa kaza abinci kaza suke ci, ba kowane gida ake nufi ba. Shi ya sa in akwai ɗan asalin ƙasar a garin, yana da kyau a gayyato shi ya yi wa yara bayani da bakinsa.

Abin Da Iyaye Za Su Ɗauka

Yawancin makarantun karkara ba su da kwamfuta, wasu ko laburare babu. Amma gundarin darasin ba a cikin na'ura yake ba. Tambayoyi uku ne: Wa ya faɗa? Yaushe ya faɗa? Wa ya shaida? Waɗannan ba su bukatar lantarki.

Malamin ƙauye yana iya raba wa yara ƙasashe. Su duba taswira da littafin makaranta. Su saurari rediyo. Su tambayi alhajin da ya je Makka, da falken da ya je Gana ko Kamaru. Sa'an nan su gwada abin da suka ji da abin da suka karanta. Uba ko uwa da suka koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci suna iya zama da yaro da dare su yi haka tare.

Yau labari yana shigowa gida ta waya dare da rana, na gaskiya da na ƙarya. Jita-jita ta sha hana mutane kai yara rigakafi, ta sha haɗa maƙwabta faɗa. Yaron da ya saba tambayar tushen magana tun yana ƙarami, da wuya a ja shi da ƙarya in ya girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.