Hali Zanen Dutse Ne a Ɗakin Sauraron Masu Damuwa?

Daga Birnin Kebbi ko Argungu, idan ciwon ƙwaƙwalwa ya yi tsanani, sau da yawa Kware ake dosa, asibitin tarayya da ke Jihar Sakkwato. Sai dai ba kowace damuwa ƙwaya ke warkarwa ba. Wata sai an zauna da mai ita ana tattaunawa mako bayan mako. Yanzu da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, dole a horar da masu wannan aiki da yawa. To wa za a ɗauka?

Jama'a za su ce a nemi mai haƙuri da sanyin hali, kuma suna da hujja. A 1979, Hans Strupp na Jami'ar Vanderbilt a Amurka ya raba ɗalibai masu damuwa tsakanin ƙwararru da wasu malaman jami'a marasa horo, waɗanda aka sani da iya zama da mutane. A jimlace, sauƙin da aka samu kusan ɗaya ne. Amma halin da mutum ke faɗa game da kansa daban, wanda ake gani daban. A 2009, Timothy Anderson ya nuna wa masu wannan aiki 25 bidiyon majinyata masu wuyar sha'ani, wani na faɗa, wani ya ƙi buɗe baki, ya auna yadda kowa ya amsa nan take. Waɗanda suka riƙe natsuwa da tausayi, su ne majinyatansu na gaske suka fi murmurewa. Makin da suka ba kansu a takardar tambayoyi bai hango komai ba. Ina ganin nan gizo ke saƙar: kowa mai haƙuri ne kafin a zage shi.

Wani zai ce, tunda hali zanen dutse ne, horon me kuma? Binciken Strupp ɗin ya ba da amsa, domin da ƙwararrun da malaman duk sun sha wuya a hannun majinyaci mai fushi, har sukan mayar masa da martani cikin ɗaure fuska. Wannan gurbi ne horo zai cike, muddin malami na sauraron zaman ɗalibinsa yana gyara masa. Shekaru kaɗai ba sa yi: wani bincike na 2016 kan masu aikin 170 ya gano cewa sakamakon akasarinsu bai ƙaru da daɗewa ba, ya ma ɗan ja baya. A Norway kuwa, Helene Nissen-Lie ta samu cewa masu yawan tuhumar ƙwarewarsu sun fi masu cika baki amfanar majinyata, abin da ya kamata kwamitin ɗaukar ɗalibai ya tuna kafin mai zaƙin baki ya burge shi.