Yadda Fumfuna Ke Ƙera Fenisilin

Jama'a da yawa suna zaton fenisilin haɗin masana'anta ne tun daga tushe. Ba haka ba ne. Wata irin fumfuna ce mai suna Penicillium ke yin sa, kamar yadda Alexander Fleming ya lura a birnin Landan cikin 1928. Har yau a manyan tankuna ake kiwonta, sa'an nan a tace maganin.

Masu yin aikin a cikin fumfunar su ne waɗansu sinadarai da ake kira inzayim, watau furotin masu hanzarta haɗuwar abubuwa a jikin mai rai. Na farkonsu ɗan wani babban dangi ne da masana ke taƙaita sunansa da NRPS. Inzayim na wannan dangi dogo ne, an kasa shi ɗaki-ɗaki. Kowane ɗaki yakan zaɓi amino asid guda ɗaya tak, ya riƙe shi, ya liƙa shi da na baya, ya miƙa gaba, kamar yadda magina ke miƙa tubali hannu da hannu. A wajen fenisilin ɗakunan uku ne, suna haɗa aminoadifik, da sistin, da falin. Abin mamaki, ɗaki na uku sai ya juya falin ɗin, kamar a mai da hannun hagu na dama, kafin ya saki sarƙar.

Daga nan wani inzayim, da taimakon ƙarfe da iskar oksijin, yakan lanƙwasa sarƙar ta zama zobe mai kusurwa huɗu. Ƙarfin maganin duk yana cikin wannan zobe, domin shi ke hana ƙwayar bakteriya gina bangon jikinta, har ta fashe. Dangin NRPS ɗin nan kuma su ke ƙera bankomaisin, wanda aka samo a 1953 daga ƙwayoyin wata ƙasa da aka ɗebo a tsibirin Borneo.

Amma fa ƙwayoyin cuta ba su zauna haka nan ba. Waɗansunsu suna da nasu inzayim, beta-laktames, mai tsinke zoben, maganin ya tashi a banza. Duk sa'ad da mutum ya sha kafso don mura, wadda ba bakteriya ke kawo ta ba, marasa wannan makami ne ke mutuwa, masu shi kuwa su yaɗu. Saboda haka kada a sha irin wannan magani sai da umurnin likita. Shi ya sa ma ake gama amoksisilin da asid na kilabulanik, wanda ke toshe beta-laktames, don zoben ya isa inda aka aike shi.