3.4 Noman Kabeji a Lambun Gida

Daga cikin kayan lambun da ake nomawa a ƙasar Hausa, kabeji baƙo ne. Sunansa ma aro ne daga Ingilishi, asalinsa kuwa ƙasashen Turai ne masu sanyi. Wannan asali shi ne ke tafiyar da duk al'amarin nomansa, domin ya fi bunƙasa a yanayin da zafinsa yake tsakanin digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin santigireti. Shi ya sa a yankin Jos, inda ƙasa ke da tudu da sanyi, akan noma shi har da damina, amma a wurare irin su Kano da Katsina sai an jira hunturu.

Saboda haka, abin da ya fi muhimmanci ga mai lambun gida shi ne lokaci. Akan fara renon iri ne a watan Oktoba ko farkon Nuwamba. Za a gyara ɗan ƙaramin fangali, a gauraya ƙasarsa da takin dabbobi wanda ya riga ya ruɓe, a yayyafa irin, sannan a rufe shi da ƙasa kaɗan da busasshiyar ciyawa. Bayan mako 4 zuwa 6, lokacin da tsiron ya fitar da ganye 4 ko 5, sai a yi dashe da yamma, a bar tazarar santimita 45 zuwa 60 tsakanin kowane gindi. Wanda ya yi jinkiri har zuwa Janairu, to kabejinsa zai zo dunƙulewa ne daidai lokacin da zafin bazara ya kunno kai. Irin wannan kabeji yakan fito ƙanana, sako-sako, ba nauyi, kuma yawan taki ba ya gyara shi.

Saiwar kabeji ba ta nisa a ƙasa, don haka yana son ban ruwa a kai a kai. Idan aka bar shi ya sha ƙishirwa bayan ya dunƙule, sannan aka malala masa ruwa, sai ya tsage. Shinge kuwa dole ne, musamman a gidan da ake kiwon kaji da awaki.

Babbar matsala ita ce tsutsa. Akwai wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai kama da malam-buɗe-littafi wanda yakan yi ƙwai a jikin ganyen, tsutsarsa kuma ta huda shi ta ko'ina. Wannan tsutsa ta yi suna wajen jure wa maganin feshi, abin da kan sa wasu manoma su riƙa ƙara yawan magani. A lambun gida wannan ganganci ne, ganin cewa ɗanyensa ake ci a kwaɗo da ƙuli-ƙuli, ko a yanka shi a kan shinkafa da wake. Tun da gindin da aka dasa ba yawa gare shi ba, ya fi dacewa a riƙa ɗaga ganyen da safe ana tsince tsutsar da hannu, ko a daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana, a tace, a yayyafa ruwan.

Nau'in da ake kira Copenhagen Market, wanda aka daɗe ana shukawa a Nijeriya, yakan isa yanka bayan kimanin wata biyu da rabi da dashe. Alamar ƙosawarsa ita ce a danna shi a ji ya yi tauri. Sai dai kabeji ba ya fure sai ya ratsa dogon sanyi irin na ƙasarsa ta asali, wanda hunturun ƙasar Hausa bai kai shi ba. Don haka, saɓanin alayyafo da yakuwa waɗanda matan gida kan ajiye irinsu, irin kabeji sai an saya kowace shekara.