Kyautar Attajiri ga Ɗan Ƙwallon Kwando: Tsohuwar Dokar Jami'o'in Amurka da Sabuwa

A shekarar 2017 Penny Hardaway, tsohon tauraron NBA da ke horar da ƙungiyar wata makarantar sakandare a birnin Memphis, ya bai wa mahaifiyar wani yaro mai suna James Wiseman dala 11,500 don iyalin su yi kuɗin ƙaura daga Nashville. Bayan shekara biyu, yaron ya shiga Jami'ar Memphis, inda Hardaway ya riga ya zama koci, sai hukumar wasannin jami'o'in Amurka, wato NCAA, ta dakatar da shi wasa 12, ta kuma ce ya bayar da adadin kuɗin sadaka. A watan Afrilun 2022 kuwa, wani attajiri mai goyon bayan Jami'ar Miami, John Ruiz, ya sanar wa duniya da kansa cewa kamfaninsa zai biya Nijel Pack dala 800,000 cikin shekara biyu, haɗe da mota, bayan ɗan wasan ya zaɓi komawa Miami. Pack ya buga wasanninsa ba wanda ya hana shi. Tsakanin waɗannan al'amura biyu doka ce ta canza, kuma kowace daga cikin dokokin biyu tana da masu kare ta da hujja mai nauyi.

Tsohuwar dokar ta ginu kan cewa ɗan wasan jami'a ɗalibi ne, ladansa karatu kyauta da ɗaki da abinci. Duk wanda ya taɓa bai wa sashen wasannin jami'a gudummawa, ko ya taimaka wajen zawarcin ɗan wasa, NCAA na ɗaukarsa wakilin jami'ar har abada, kuma an haramta masa bai wa yaron da ake zawarci ko danginsa kuɗi, mota, masauki ko rance. Abin da ya kama Hardaway ke nan: ya taɓa bai wa jami'ar dala miliyan 1 a 2008. Masu kare dokar ba shirme suke yi ba. Jami'o'in rukunin farko sun haura 350, amma ƙalilan ne ke da tsofaffin ɗalibai masu hannu da shuni. Idan aka sake wa attajirai mara, in ji su, ƙaramar jami'a ba za ta ƙara ganin gwanin ɗan wasa ba, kuma yaro ɗan shekara 17 zai zaɓi makaranta da ido a kan ambulan, ba a kan karatu ko kocin da zai gina shi ba. Akwai kuma tsoron bashi: wanda ya ci kuɗin mutum a ɓoye, yana iya zama a hannunsa ranar da masu caca suka so a sayar da wasa.

Sabon tsarin ya zo ne ta kotu, mataki bayan mataki. Ed O'Bannon, tsohon ɗan wasan UCLA, ya kai ƙara a 2009 bayan ya ga an yi amfani da kamanninsa a wasan bidiyo ba a biya shi ko kwabo ba. A watan Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙolin Amurka tara duka suka yanke wa NCAA hukunci a shari'ar Alston, kuma daga 1 ga Yulin shekarar aka bar 'yan wasa su karɓi kuɗin talla da sunansu da hotonsu. Attajiran magoya baya suka kafa ƙungiyoyin tara kuɗi, suka mayar da abin da a da ake kira laifi zuwa kwantiragin talla. NCAA ta so ta ci gaba da hana amfani da irin wannan kwantiragi wajen jawo sabon ɗan wasa, amma a Fabrairun 2024 wata kotun tarayya a Tennessee ta dakatar da ita. Hujjar wannan ɓangare ita ma a fili take. Gasar ƙwallon kwando ta NCAA ta watan Maris kaɗai, kwantiragin nuna ta a talabijin da aka ƙulla a 2010 ya kai dala biliyan 10.8, aka ƙara biliyan 8.8 a 2016. Koci na karɓar miliyoyi, kamfanin takalma na biyan jami'a, gidan talabijin na cin riba, sai yaron da ke gumi a fili ne kaɗai aka ce kuɗi zai ɓata shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Inda dokokin biyu suka fi rabuwa shi ne wanda bulala ke sauka a kansa. A tsohon tsari, NCAA ba ta da iko a kan attajiri, ba za ta ɗaure shi ba, ba za ta ci tararsa ba, iyakarta ta ce jami'a ta nesanta kanta da shi. Wanda ke hannunta shi ne yaron. Jami'ar Memphis ta ce Wiseman bai san da maganar kuɗin ba, duk da haka shi aka dakatar, kuma an nemi ya biya dala 11,500 a lokacin da dokar kanta ta hana shi samun kuɗi da ƙwallonsa. Wasa uku kawai ya buga ya bar jami'ar. Shi ya ci sa'a, domin Golden State ta ɗauke shi na biyu a zaɓen NBA na 2020, kuma da aka kammala bincike a 2022 ba a dakatar da Hardaway ko wasa ɗaya ba. Wani ɗan wasa, Brian Bowen, bai samu irin wannan sa'a ba. Binciken FBI na Satumban 2017 ya bankaɗo alƙawarin dala 100,000 daga mutanen da ke da alaƙa da Adidas zuwa ga mahaifinsa don ya tafi Jami'ar Louisville. Bowen bai taɓa buga wasan jami'a ko guda ba, sai Ostireliya ya nufa neman ƙungiya. Silvio De Sousa, ɗan Angola da ke Kansas, ya rasa kakar wasa guda cur saboda dala 2,500 da aka ce an bai wa mai riƙonsa. A Michigan kuma, bayan an gano cewa wani mai goyon bayan ƙungiyar, Ed Martin, ya bai wa 'yan wasa huɗu dala 616,000, ciki har da Chris Webber, an sauke tutocin nasarar 1992 da 1993, aka kuma hana ƙungiyar kakar 2002 zuwa 2003 shiga gasar ƙarshen shekara, alhali waɗanda suka ci kuɗin sun daɗe da barin makarantar.

Sabon tsarin ya sauƙaƙa wa yaro wannan nauyi. Lokacin da NCAA ta hukunta Miami a Fabrairun 2023 kan liyafar da Ruiz ya yi wa wasu tagwayen 'yan wasa 'yan gidan Cavinder kafin su shiga ƙungiyar mata, kocinsu Katie Meier ce ta sha dakatarwar wasa uku, 'yan matan ba a taɓa su ba. Amma ya zo da nasa ciwon. Alƙawari na baka ya yi yawa, wakilai marasa lasisi sun cika kasuwa, kuma yaron da aka yi wa alƙawari aka saɓa ba shi da ƙungiyar ƙwadago da za ta tsaya masa, domin har yanzu ba a ɗauke shi ma'aikaci ba. Ƙaramar jami'a kuwa ta koma wurin rainon 'yan wasa: ta gano yaro, ta horar da shi shekara ɗaya, babba ta ɗauke shi da kuɗi.

Sai dai wannan zargi na ƙarshe yana bukatar a auna shi da gaskiya. Tsohuwar dokar ba ta taɓa daidaita jami'o'i ba. Kentucky, Duke, Kansas da North Carolina sun mamaye zawarcin manyan yara tun kafin a halatta sisin kwabo, da manyan ɗakunan atisaye da jiragen haya da shahararrun koci-koci. Kuɗin attajirai yana gudana a wancan zamani ma, kawai yana bi ta gine-gine da albashin koci, sauran kuma ta ƙarƙashin tabarma. Bambancin da dokar ta tabbatar ba tsakanin jami'o'i yake ba, tsakanin iyalai yake. Ɗan mai hali, iyayensa za su biya kuɗin jirgi su je kallonsa. Ɗan talaka, idan wani ya biya wa mahaifiyarsa kuɗin motar kwashe kaya, ya shiga uku.

Akwai wani rukuni da dokokin biyu suka bari a rana, kuma ya shafe mu: yaran da ke zuwa daga Afirka. A da, su ne suka fi faɗawa tarkon masu riƙo da dillalai, domin sun iso ba iyaye a kusa. Yanzu kuma bizar ɗalibi ta F-1 ta taƙaita musu yin aikin kuɗi a cikin Amurka. Oscar Tshiebwe ɗan Kwango, wanda ya lashe kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2022, sai da ƙungiyarsa ta Kentucky ta je tsibiran Bahamas a watan Agustan shekarar ya samu damar ɗaukar tallace-tallacensa. Abokan wasansa Amurkawa ba su bukaci ƙetare teku ba.

A ranar 6 ga Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House, wanda ya yi ƙoƙarin tsayawa tsakanin tsarin biyu. Za a biya tsofaffin 'yan wasa kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara 10, kowace jami'a na iya raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko, kuma duk kwantiragin da ya kai dala 600 sai an kai shi a tantance, don a ga ko talla ce ta gaske ko toshiya ce da aka sa wa rigar talla. Tsoron da tsohuwar dokar ke yi bai mutu ba ke nan, an dai nema masa wata hanya.

Da na auna su, sabon tsarin ya fi adalci, duk da hayaniyarsa. Damuwar tsohuwar dokar ta gaskiya ce, amma ta ɗora kuɗin maganinta a kan mafi rauni, kuma ba ta cimma daidaiton da ta yi alƙawari ba. Hana toshiya wajen zawarcin yara abu ne da ya dace a riƙe, da sharaɗi uku: kwantiragi ya kasance a rubuce, hukunci ya faɗa kan jami'a da babban da ya miƙa kuɗin, kuma kada a ƙara ƙwace wa yaro kakar wasa saboda abin da aka ƙulla a bayan idonsa.