Ba Kowace Atishawa Ce Mura Ba

Ni haifaffen ƙasar Tudun Wada ne, kuma cikin ƙurar masussuka na girma. Tun ban kai shekara goma ba nake bin iyayenmu mata wurin sheƙar dawa da shinkafa, mu dawo gida fari fat kamar an tono mu daga buhun gari, amma ko tari ba a taɓa jin na yi ba. Saboda haka a ƙarshen daminar 2017, bayan na haura shekara arba'in, da atishawa ta sa ni gaba a gonata ta masara da ke ƙasar Doguwa, ban kawo komai a raina ba. Na ce mura ce, kwana uku za ta yi ta kama gabanta. Ashe baƙuwar da tabarmarta ta zo, domin ba ta sake ni ba sai da hunturu ya wuce.

Idan gari ya waye sai in jera atishawa goma ko fiye, hanci na zubar da ruwa garai-garai, idanu su yi jawur, ga wani ƙaiƙayi can cikin ganɗa da kunne inda hannu ba ya kaiwa. Da dare kuwa hanci ya toshe, barci ya gagara. Kowa ya gan ni sai ya ce sanyi ne, wato sunan da muke laƙaba wa duk ciwon da muka rasa gane kansa. Shekara uku ina zarya a shagunan magani, ana haɗa mini ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta da Piriton da wasu 'yan ƙananan farare waɗanda daga baya na gane dexamethasone ne. In sha in ji sauƙi, in daina abu ya dawo.

Abin da ya farkar da ni ya faru ne a watan Nuwamba na 2020. Na sha Piriton biyu da hantsi na kamo hanyar Kano daga Doguwa. Na ratsa dajin Falgore lafiya, na wuce Tudun Wada, amma kafin in kai Kwanar Dangora barci ya sace ni a kan sitiyari. Ƙarar tayoyi a kan tsakuwar gefen titi ce ta tashe ni, ga tirela ta doso. Allah ne Ya yi da sauran shan ruwa a gaba. A makon nan na tafi wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda bai fara da duba hancina ba, sai ya tambaye ni watan da abin ke farawa da watan da yake ƙarewa. Da na lissafa masa sai ya ce mini ai mura ba ta da kalanda. Abin da ke damuna shi ne alaji, ɗan'uwan abin da Bahaushe ke kira borin jini idan ya fito a fata.

Bayanin ba shi da wuya, mai karatu. Garkuwar jiki ce ke yin kuskure, ta ɗauki abin da ba shi da illa, kamar bununin ciyawa, a matsayin abokin gaba. Da zarar ya shiga hanci sai jiki ya saki wani sinadari mai suna histamin, shi ke kawo kumburi da ƙaiƙayi da zubar ruwa. Akwai gado a ciki, amma yana iya ɓoyewa shekara da shekaru, sai yawan cuɗanya da abin ko sauyin wurin zama ya fito da shi. Mura ta gaskiya ƙwayar cuta ce ke kawo ta, sau da yawa da ciwon jiki ko ɗan zazzaɓi, kuma cikin mako guda zuwa kwana goma takan wuce. Alaji kuwa ba ya zuwa da zazzaɓi, ba a ɗaukarsa daga wani, kuma yana nan muddin abin da ke tayar da shi yana cikin iska.

Su ma Turawa sun daɗe kafin su gane haka. A 1819 ne wani likita a Landan, John Bostock, ya fara bayyana ciwon dalla-dalla, kuma labarin kansa ya bayar. Sai a 1873 wani likitan Manchester, Charles Blackley, ya tabbatar da cewa bununi ne sanadi, bayan ya yi ta gwaji a jikinsa. Kalmar alaji kanta a 1906 wani likitan yara a Biyana, Clemens von Pirquet, ya ƙirƙiro ta.

Da na koma gida na zauna da kalandar manomi, sai komai ya fito fili. Kudancin Kano ya fi birni samun ruwan sama, ciyawa ta fi tsawo da yawa. Daga Agusta zuwa Oktoba masara da dawa da gamba ke sakin bununi, kuma iska ce ke ɗaukarsa, ba ƙudan zuma ba. Daga nan sai kaka ta shigo da ƙaiƙayin sussuka da ƙurar injinan casar shinkafa na Tudun Wada, da funfunar hatsin da aka tara bai gama bushewa ba. Kafin hanci ya huta sai hunturu ya sauko da hazon da yawancinsa ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, ga hayaƙin ƙunar daji. Hazo da hayaƙi ba lallai su zama tushen alaji ba, amma suna fama hancin da ya riga ya kumbura. A ƙasar Bebeji kuwa, inda madatsar ruwa ta Tiga take tun 1974, noman rani ya sa ɗanyar ciyawa ba ta yankewa a bakin ruwa. Wannan ni'ima ce babba, sai dai mai irin hancina ya san da zamanta.

Yanzu mako biyu kafin masara ta fitar da kai nake fara amfani da maganin feshin hanci da likita ya rubuta mini, domin ba ya aiki nan take, sai an jure. Na bar Piriton na koma loratadine, wanda bai cika sa barci ba. Safe da yamma ina wanke hanci da ruwan gishiri kaɗan, wanda aka tafasa ya huce. Takunkumin da annobar korona ta koya mana a 2020 ya zama abokin tafiyata masussuka, kuma ina tsayawa ta inda iska ke fitowa, don kada ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Idan na dawo daga gona nakan yi wanka in sauya tufafi kafin in shiga ɗakin kwana. Ban warke ba, amma ina barci, ina aikina.

Abin da ke damuna shi ne dubban da har yanzu ke kan hanyar da na baro. Ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta ba su da abin da za su yi wa alaji, illa su koya wa cututtuka jure magani. Daɗewa ana shan dexamethasone na iya jawo hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi. Maganin ɗigawa a hanci mai buɗe shi nan take, idan aka wuce mako guda ana amfani da shi, toshewar da zai bari ta fi ta farko. Sannan alajin hanci da asma 'yan gida ɗaya ne, don haka duk wanda ya fara jin shaƙewa ko fito a ƙirji da dare, to asibiti ya kamata ya nufa, ba shagon magani ba.

Ina kira ga ma'aikatan lafiya na Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa su riƙa yi wa mai yawan mura tambayar da aka yi mini. Ina kuma kira ga masu injinan casa su sama wa yaransu takunkumi, direbobinmu su guji maganin mura mai sa barci kafin tafiya. Kai kuma ɗan'uwa, idan murarka ta san watan zuwanta, ɗauki biro ka rubuta ranar da ta fara da inda kake da abin da ake yi a gona, ka kai wa likita. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.