Kin Tare A Sabon Gida Kin Tarar Da Tsohon Kafet: A Bar Shi Ko A Cire?

Wannan tambaya tana yawan zuwa mana a ɗakin awon ciki, musamman daga matan Tudun Wada, Gyallesu da Tudun Jukun, inda gidajen haya suke da yawa saboda ma'aikata da ɗaliban Kongo da sauran makarantu. Yau wani ya tashi, gobe wani ya tare. Sau da yawa wanda ya tashi yakan bar kafet ɗinsa a ɗaki, ko don an manne shi da gam ba ya ciruwa, ko kuma ya sayar wa mai shigowa da araha. Maigida sai ya ga an samu sauƙi, tunda ga kuɗin haya ya biya, ga kayan haihuwa da hidimar suna suna jiransa.

Babu laifi a neman sauƙi. Amma a ɗakin nan za ki yi jego, a kan wannan kafet za a riƙa zama da jariri, kuma nan da wata 7 zuwa 10 bayan haihuwa a kansa zai yi rarrafe, yana tsintar abu yana kaiwa baki. Saboda haka kafin a shigo da gado da sif a danne shi, a tsaya a duba. Kuma ƙarƙashinsa za a duba, domin samansa ko jiya aka goge zai yi kyau.

Me tsohon kafet yake tarawa?

Kafet kamar soso yake. Duk ƙurar hunturu da ta shiga ɗakin, da ɓurɓushin abinci, da fitsarin yara, da ruwan da ya zube, suna nutsewa cikin gashinsa. Tsintsiya sama-sama take kwashewa, sauran kuma tayar da shi take yi a shaƙa.

A cikin wannan ƙura akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari da ido ba ya gani, girman ɗaya bai kai rabin milimita ba. Ba sa cizo. Abincinsu shi ne ɓawon fatar da ke zuba daga jikin mutum kullum. Kashinsu ne matsalar, domin idan mai asma ko mai yawan atishawa ya shaƙe shi sai ciwon ya tashi: hanci ya toshe, ido ya yi ƙaiƙayi, ƙirji ya riƙa kuka da dare. Waɗannan ƙwari da laima suke rayuwa. Idan danshin iska ya haura kashi 70 cikin 100 sai su yi ta hayayyafa, idan ya sauko ƙasa da kashi 50 sai su bushe su mutu. A nan Zariya hunturu yana taimakonmu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska a bushe take ƙwarai. Amma daga Yuni zuwa Satumba labari ya sha bamban, kuma kafet da ke kwance a kan siminti mai tsattsafo ba ya bushewa ko da hunturun ne.

Wannan tsattsafo shi ne babban abin dubawa. Gidaje da yawa an zuba musu daɓen siminti ba tare da an shimfiɗa leda a ƙarƙashi ba, don haka da damina ƙasa takan turo danshi sama. Gidan da ke cikin kwari, ko kusa da rafin Kubanni, ko wanda kwata ke cika ta shigo masa a watan Agusta, abin ya fi tsanani. Kafet da ya jiƙe bai bushe cikin kwana ɗaya zuwa biyu ba, fumfuna takan fara kama shi. Idan ta kama bayansa, wanki ba ya fitar da ita. Ita ce ke kawo warin nan na gumi da kike ji idan an buɗe ɗakin da ya daɗe a rufe, kuma an tabbatar zama a ɗaki mai danshi da fumfuna yana ƙara wa yara tari, mura da kukan ƙirji. Ki tuna jariri sabon haihuwa yana numfashi sau 30 zuwa 60 a minti ɗaya, babba kuwa sau 12 zuwa 20. Kuma shi ne ya fi kowa kusa da ƙasa.

Yadda za a duba

Wannan aikin maigida ne ko wani namiji a gidan. Ke ki tsaya daga bakin ƙofa. A ɗaga gefen kafet a wurare uku: bayan ƙofa, ƙarƙashin taga, da jikin bangon da ya haɗa da banɗaki ko makewayi. A taɓa simintin da hannu. Idan akwai sanyin danshi, ko baƙin tabo ko kore ko fari-fari kamar gari a bayan kafet ɗin, ko bayan ya fara rududdugewa, to magana ta ƙare, a cire.

A kuma haska tocila a bakin bango. Ɗigo-ɗigo baƙi kamar an yayyafa tawada alamar kuɗin cizo ce. Kada a ce ai ɗakin ya yi wata uku babu kowa, domin kuɗin cizo yakan yi watanni bai sha jini ba yana nan da ransa. Ƙuma ma haka, idan masu gidan na da sun ajiye kyanwa ko kare: 'ya'yanta sukan kwanta a cikin kafet su jira, da zarar an fara takawa sai su ƙyanƙyashe. Ƙwan kyankyaso, hanyar gara, da kashin ɓera mai kama da baƙar shinkafa duk a wannan wuri ake ganinsu.

Zancen ɓera ba na wasa ba ne ga mai ciki. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, daga fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake yaɗuwa, kuma ya fi yawa da rani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa idan ya kama mace a watanni ukun ƙarshe na ciki, fiye da kashi 80 cikin 100 akan rasa cikin, ko uwar, ko duka biyun. Ba wai kowane kashin ɓera ke ɗauke da cutar ba. Amma ganinsa yana nufin ɓera ya san hanyar ɗakin. A nemo ramin a toshe da siminti, kuma kada a share kashin a bushe; a yayyafa masa ruwan bilic tukuna, a kwashe da safar hannu.

Akwai kuma tambayar da ya kamata a yi wa mai gidan ko maƙwabta: wanda ya tashi mece ce sana'arsa? Idan yana gyaran batirin mota, ko like na'urori da dalma, ko harkar haƙar zinare, kuma yana shigowa da kayan aiki ɗaki, to a cire kafet ɗin ko da sabo ne fil. Ƙurar dalma ba ta wari, ba ta ruɓewa, tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi, kuma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro. A 2010 yara kusan 400 suka rasu a ƙauyukan jihar Zamfara saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinare da ake dakawa a cikin gidaje, inda yaran ke wasa a ƙasa. Tsohon fenti mai ɓarewa yana zuba a kan kafet shi ma yakan ƙunshi dalma.

Abin da bai kamata ya ɗaga miki hankali ba

Wasu matan tsoronsu daban ne. Sukan ce sun ji wanda ya zauna a ɗakin ya yi fama da tarin tibi ko ciwon ƙanjamau. Ki kwantar da hankalinki. Tibi ta iska ake ɗauka, daga bakin mai tari zuwa hancin wanda ke kusa da shi, ba ya kwana a kafet ya jira mai shigowa. Ƙanjamau ba a ɗaukarsa daga shimfiɗa ko kayan ɗaki sam. Ƙwaron ƙazwa kuwa idan ya rabu da jikin mutum kwana 2 zuwa 3 yake yi ya mutu. Kuma cire kafet ba alkawari ba ne cewa yaro ba zai yi asma ba, domin gado da hayaƙin girki da na taba duk suna da nasu hannun. Idan kafet ɗin a bushe yake, babu wari, babu ƙwaro, ba a manne shi ba, kuma babu mai asma a gidan, za a iya fitar da shi a kakkaɓe, a wanke, a shanya a rana har bayansa ya bushe ƙarau, a mayar. Da hunturu ko bazara ake wannan wanki. Wanke kafet a tsakiyar damina neman fumfuna ne.

Idan kuwa ke ko maigida ko ɗaya daga cikin yara na da asma, shawarata ita ce a cire shi daga ɗakin kwana, kome kyansa.

Wa zai cire, kuma yaushe?

Ba ke ba. Ko kusa. Ranar da aka ɗaga tsohon kafet, ƙurar shekaru ce take tashi lokaci guda, ga nauyi, ga sunkuyo. Ki tafi gidan maƙwabta ko na 'yan'uwa da yara, ki yini can. Mai aikin ya rufe hanci da baki da takunkumi, ya buɗe tagogi, ya ɗan yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, ya nannaɗe shi ya fitar. Kada a ƙona shi a tsakar gida, hayaƙin robarsa guba ne. Sannan a wanke simintin da ruwa da omo, a bi da ruwan bilic, a bar shi ya bushe kwana biyu ko uku. Kada a gauraya bilic da wani maganin wanke banɗaki, haɗin yana fitar da iska mai shaƙe numfashi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne kafin a tare. Idan an riga an tare, a yi kafin ciki ya shiga wata 8. Wadda za ta tafi wankan gida wurin iyayenta ta samu dama mai kyau: maigida, kwana 40 ɗin nan sun ishe ka ka gyara ɗaki, ka toshe yoyo, wari ya fita kafin a dawo maka da mai jego.

Yanzu ga inda aka fi yin kuskure. Mutum ya ga kuɗin cizo, ba ya son asarar kafet, sai ya sayo ota-fiya-fiya ko Sniper ya kwarara, ya rufe ɗaki, da dare iyali su shiga su kwanta. Wannan maganin ƙwarin gona ne, ba na ɗakin kwana ba. Kafet yana shanye shi ya riƙa fitar da shi a hankali, yana shiga jiki ta hanci da ta fata. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a ƙananan kwalabe a kasuwanni da kantuna saboda yawan mutanen da yake hallakawa. Ƙwayar nan da ake sa wa buhun wake ko masara ta fi shi muni. Iskar da take fitarwa tana kashe mutum a cikin barci, kuma tana ratsawa har ɗakin maƙwabci. Kada ta shiga ɗakin da ake kwana ko da guda ɗaya. Kafet da sai an jiƙa shi da guba kafin a zauna a kansa, gara a yar.

Me za a shimfiɗa a madadinsa?

Abin da ya fi dacewa da ɗakin jego shi ne daɓen da za a iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma kullum. Jariri zai yi tumbuɗi, zai yi fitsari, za a yi ta shiga da ruwan wanka, ga 'yan barka da 'yan suna. Mai hali ya sa tayil. Wanda bai da shi, ledar ɗaki ta wadatar, kuma ana samunta a kasuwar Tudun Wada da ta Sabon Gari. Amma ita ma leda tana riƙe danshi a ƙarƙashinta, don haka sai siminti ya bushe a shimfiɗa, kuma a riƙa ɗaga gefenta da damina ana dubawa. Siminti mai santsi da tabarma a kai ma babu abin da ya rage shi.

Na san sanyin Disamba da Janairu a Zariya, kuma na san ɗakin mace ba ya cika a idon 'yan'uwa sai da shimfiɗa mai laushi. To a sayi darduma madaidaiciya wadda mutum ɗaya zai iya ɗauka ya shanya a igiya duk mako. Idan kuma sabon kafet aka saya mai cika ɗaki, kada a manne shi da gam, domin warin gam yana sa jiri da ciwon kai, kuma ranar da ruwa ya shiga ba za a iya ɗaga shi ba. A bar tagogi a buɗe kamar kwana 3 warin sabunta ya fita kafin ki kwana a ciki.

Ki kula da gefen da ya nannaɗe ko ya yage, ko tsohon kafet ne ko sabo. Idan ciki ya tsufa ba kya ganin ƙafarki, kuma fitsarin dare yana yawan tashinki cikin duhu. Jiƙaƙƙen tayil ma yana da santsi. Kaskon garwashi da na turaren wuta kada a ajiye su a kan kafet, domin yawancin na kasuwa zaren roba ne, tartsatsi ɗaya ya isa. Garwashi a rufaffen ɗaki kuwa yana cinye iskar da ke da jaririn kuke shaƙa, ko da kafet ko babu. Jariri kuma a kwantar da shi rigingine a kan katifa mai ɗan tauri cikin gidan sauro, kada a bar shi ya yi barci rub da ciki a kan kafet ko darduma.

Idan kina da asma, ki ci gaba da amfani da maganin shaƙarki yadda likita ya ce. Ciki ba ya hana shi, kuma numfashinki shi ne numfashin abin da ke cikinki. Ki gaya mana a wurin awo idan tari ko toshewar ƙirji ya ƙaru tun da kika tare. Ki zo asibiti nan take, kada ki jira ranar awo, idan kin faɗi a kan ciki, ko kin shaƙi maganin ƙwari kina jin jiri, amai ko dalalar miyau, ko kin yi zazzaɓin da bai ji maganin maleriya ba. Idan maganin ƙwari ne, a taho da kwalbar. Jariri ɗan ƙasa da wata 2 da ke numfashi sau 60 ko fiye a minti ɗaya, ko haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ko ya ƙi kama nono, a kawo shi a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.